Sallau Mai Fenti da Yaran da Suka Ƙi Zanuwa

Duk wanda ya san tashar Birnin Konni a shekarun farko na mulkin kai ya san rumfar Sallau mai fenti. Rumfar zana ce jingine da katangar wani kanti, cike da gwangwanaye da tsummoki, kuma tun daga nesa warin kananzir ke gaya maka ka iso. Shi kansa Sallau dogo ne siriri mai ɗan gemu, rigarsa kuwa ba wanda ya san asalin launinta.

A Alela aka haife shi, gidan manoma. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In ya samu gawayi sai ya bi jikin rumbuna da zane. Ya sha bulala a kan haka, musamman ranar da ya zana jakin maƙwabcinsu ya kuma ɗora wa jakin hular mai shi. Da ya zama saurayi ya tafi cin rani Sakkwato, can ya faɗa hannun wani mai yi wa manyan motoci ado, ya yi shekaru yana wanke masa burushi har ya iya riƙe nasa. Ya dawo ya zauna Konni, ya auri Zalika mai tuyar ƙosai, Allah ya ba su ɗiya guda, Tsahara, wadda ta girma aka kai ta aure Illela.

Zaki ne gwanintarsa. Ba direban da zai ɗauki hanyar Maraɗi ko Tawa da sabuwar mota bai biyo ta rumfar Sallau an zana masa zaki a bayanta ba, baki buɗe, haƙora waje. Yana kuma yi wa masu aski allo, kawunan maza jere, kowane da irin askinsa. Fuskar dai ɗaya ce, wani ya sa mata gashin baki, wani ya cire.

Wata safiya wani ma'aikaci da ake kira Mushe Mumuni, wato Malam Mumuni a bakin masu Faransanci, na buro, ofishin da ke koya wa manya karatu, ya tsayar da ɗan babur ɗinsa mobilet bakin rumfar. Bayan sun gaisa ya zaro wani ɗan littafi ya buɗe.

"Dubi nan, Malam Sallau. Daga ƙasar waje aka aiko mana. Yaro ne da takalmi da safa, rungume da kare. Mun kai shi Dogarawa don mu koya wa mata kula da lafiyar yara, suka yini suna tambaya ko uwar yaron rasuwa ta yi da aka bar shi da kare. Ba wadda ta dubi rubutun."

"To, mi kuke so?"

"Namu yaran muke so. Mai dariya, mai kuka, mai gudu, da wanda ake yi wa wanka. Za ka iya?"

Sallau ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya ko ya san hanyar gidansu. Ya ce yaro ai mutum ne ƙarami, ba wani abu ba ne. Mushe Mumuni ya bar masa fararen takardu da fensir, ya tafi.

Kafin la'asar ya gama. Ya kai gida ya shimfiɗa su gaban Zalika tana wankin wake. Ta goge hannu a zane, ta sunkuya ta duba, ta daɗe.

"Malam, waɗannan dattawan ina za su ba wando?"

"Yara ne."

"Wannan da ake yi wa wanka ai ya aurar da jikoki."

Ya tattara takardunsa, a ransa yana cewa mai ƙosai ba ta san zane ba. Amma da Mushe Mumuni ya dawo, shi ma ya daɗe yana dubawa yana gyara tabarau. Mutum ne mai kunya, sai da ya yaba hannu ya yaba layi, sannan ya ce, "Sai dai in muka buga wannan, za a ce buro ya tuɓe tsofaffin gari. Ko za ka samu yara na gaske ka dube su?"

Maganar ta tsaya wa Sallau a rai. Ya yi tunani ya ga gaskiya bai taɓa duban yaro ba. Yana ganinsu dai kullum, yana korarsu daga gwangwanayen fentinsa. Tsahara ma da tana ƙarama a bayan uwarta ta girma, shi yana ƙarƙashin mota.

Washegari ya karɓi kwanon ƙosai wurin Zalika, ya tara yaran unguwa a rumfarsa. Abin da bai lissafa da shi ba shi ne duk sun san mai hoton kasuwa, kuma sun san yadda ake yi in za a ɗauki mutum. Suna ganin ya ɗaga fensir suka miƙe suka ƙame, hannuwa manne da cinya, haɓa sama, idanu a zare.

Ya ce, "Ku saki jiki. Ku yi dariya."

Suka yashe haƙora kamar masu nuna wa mai magani inda ke ciwo.

"To, kai, yi kamar kana gudu, amma kada ka motsa."

Yaron ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya yi tangal-tangal, ya faɗa kan gwangwanin shuɗi.

"Ke, yi kuka."

Yarinyar ta dube shi ta ce, "A kan mi, Baba?"

Da ƙosai ya ƙare suka watse da gudu, suna ture juna suna ƙyalƙyala dariya, daidai yadda yake so, amma kafin ya kai fensir kan takarda sun sha kwana.

Sai ya yanke shawarar ya dube su ba su sani ba. Ya sayi malfa mai faɗi, ya riƙa zuwa kasuwa yana laɓewa bayan buhunan albasa. In ya ga yara sun nufi rijiya ya bi su daga nesa, ya tsuguna gindin katanga, ya leƙo, ya zana, ya sake leƙowa. A ganinsa ba wanda ya lura. Alhali tun ranar farko mata suka gan shi, kuma kafin mako ya zagayo magana ta bi gidaje cewa akwai wani dogon mutum mai malfa da ke ɗauke kurwar yara yana zubawa a takarda.

Ranar kasuwa yana bayan buhuna, ya duƙufa a kan wani ɗan yaro mai rarrafe, sai ya ji inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai ya ga mata sun kewaye shi, gabansu Gimbiya mai daddawa, riƙe da muciya. Ya cire malfa don su gane shi. Suka gane shi, abin ya ƙara muni, wata ta ce dama ta daɗe tana mamakin warin rumfarsa. Suka tasa shi gaba har zauren mai unguwa Jaje.

Jaje tsoho ne mai haƙuri. Ya saurari Gimbiya har ta gama, ya saurari Sallau, sannan ya ce a miƙo takardun. Ya nisantar da su daga idonsa, ya matso da su.

"Ina yaran?"

"Ga su nan, ranka ya daɗe."

Jaje ya ƙura wa hoton mai rarrafen ido. Can ya ce, "Wannan ai ni ne. An cire mini rawani an sa ni rarrafe."

Mutanen zaure suka matso. Wani ya gane ladan a takarda ta biyu yana wasan ƙasa, wani ya rantse ta ukun sarkin fawa ne goye a bayan wata yarinya. Takardu suka bi hannu, dariya ta fara daga ƙofa ta cika zauren, har Gimbiya ta sauke muciya ta rufe baki da gyale.

Jaje ya ce wa matan, "Ku koma kasuwarku. In ma kurwa yake ɗauka, tamu ce ta tsofaffi, ɗiyanku ba abin da ya same su." Ya ninke hoton mai rarrafen ya sa a aljihu, ya ce wannan ba zai fita zaurensa ba.

Sallau ya koma gida ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ya ce wa Zalika ya bar aikin. Ta ce to, ta ci gaba da abin da take yi, don ta san shi.

Bayan ƴan kwanaki Mushe Mumuni ya zo da labari. Masu allurar rigakafi za su sauka Dogarawa, da irin na'urar nan da mutane ke kira bindiga. "In kuka kake nema, Malam, can za ka same shi, ba sai ka laɓe ba. Na yi magana da su."

Sallau ya hau motar Hamani, wani direba abokin cinikinsa, ya isa da hantsi. Gindin wani babban iccen bedi ya tarar da layin mata da goyo har bakin hanya, kuka kuwa tun daga nesa ake jin sa. Nan Sallau ya gane kuka ma iri-iri ne. Akwai na wanda bai kai ga allura ba, ya ga dai an yi wa na gaba. Akwai na wanda aka yi wa, ya buɗe baki ba sauti, fuska ta tattare, sai can ƙarar ta fito. Akwai mai kuka da ido ɗaya a buɗe yana duba ko uwarsa na kallo. Sallau ya manta da kansa, yana zane yana matsawa, yana bin wani yaro mai manyan kumatu, bai san ya shiga layi ba sai da ya ji an kama hannunsa an naɗe masa riga.

"Ni zane na zo yi," in ji shi.

Mai allurar bai ko ɗaga kai ba. "Baba, duk wanda ya iso nan an yi masa."

Sallau bai taɓa yin allura ba tun da aka haife shi. Sautin da ya fita daga bakinsa ya sa yaran da ke kusa suka daina kuka suka juyo suna kallonsa. Wata mata ta kwance bakin zanenta ta ciro dabinon da ta tanadar wa ɗanta, ta miƙa masa ta ce, "Yi haƙuri, Baba, ai ya wuce." Ya karɓa, don bai san yadda zai ƙi ba.

Hannun dama aka yi wa, ya kuwa kumbura. Takardun da ya dawo da su bakunan sun yi kyau, hawayen ma sun yi, amma Zalika ta ce kamar dattawa ne a gidan makoki. Ganin ba ya iya ɗaga burushi, sai zaman rumfa da tsaki, ta ɗaure masa ƙullin yaji da daddawa ta ce ya kai wa ƴar nan Illela, ya huta a can, ita ma ta huta.

Tsahara ta yi murna da zuwansa. Ƴaƴanta biyu, Kyauta mai wayo da surutu da ƙanenta Baƙo da bai daɗe da fara tafiya ba. Kyauta na ganinsa ta riƙe ƙugu ta ce, "Tsohon mijina ya zo, ko tsaraba babu." Ya ce ai ya sake ta tun bara, ta ce ba ta ji ba.

Takardu da fensir suna cikin jaka, bai taɓa su ba. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya zauna, ba abin yi. Da yake ba ya kallon kowa da niyya, yaran gidan da na maƙwabta suka mai da shi kamar turmi ko kututture, su hau shi, su sauka, su yi faɗa a kansa, su shirya a kansa.

Wata rana da azahar Baƙo ya yi barci a cinyarsa. Sallau ya ɗora tafin hannunsa a goshin yaron don ya kare shi daga ƙuda, sai ya ga goshin ya cika masa hannu. Ya dube shi da kyau. Idanun suna can ƙasa, kusa da hanci, hancin kuwa ɗan ɗigo ne. Wuya babu, kai zaune yake a kan kafaɗa. Kumatu sun zubo sun danne baki. Shi kuwa duk shekarun nan idanu sama yake sa su, ya ja hanci dogo, ya fitar da haɓa, yadda yake yi a allon masu aski. Da yaron ya farka ya tashi, Sallau ya bi shi da ido ya ga ciki ne ke gaba, ƙafafu na biye a wawware, hannuwa a sama kamar mai tsoron ruwa.

Ya sa yatsan hagu ya ja layi a ƙasa. Zagaye babba, idanu ƙasa, ɗigon hanci, ciki gaba. Kyauta ta zo wucewa ta tsaya.

"Wa ya sa Baƙo a ƙasa?"

Sallau ya ɗago kai ya dube ta. Ta ce, "Ni fa? Ko don ka sake ni?"

Ranar ya ciro takardun. Hannun bai gama saɓewa ba, amma ya yi ta yi a hankali: Baƙo ana yi masa wanka yana ƙoƙarin tserewa, Kyauta tana gudu da zanenta a hannu, ɗan maƙwabta yana kuka saboda an ƙwace masa kara. Mai dariya ne kawai ya gagara, don da sun fara sai su juya masa baya ko su ruga.

Ragon gidan ne ya warware masa matsalar. Ana kiwonsa ne don layya, ya ƙoshi har ya raina mutane. Da safe Sallau ya sunkuya bakin kwatami yana wanke fuska, ragon ya tsinke igiya, ya ja da baya, ya auna. Sallau bai san abin da ya faru ba sai ganin kansa ya yi zaune cikin taɓo, hula a gefe. Yara suka taru gabansa. Kyauta ta riƙe ciki ta durƙusa, wani ya kwanta yana bugun ƙasa, Baƙo bai san abin da ake wa dariya ba amma ya fi kowa, kai a baya, ido a rufe, haƙoransa ƙanana a waje.

Tsahara ta fito da sauri tana salati za ta ɗaga shi. Ya ɗaga mata hannu, idonsa a kan yaran.

"Bar ni tukuna. Aiki nake yi."

Da ya koma Konni ya shimfiɗa wa Zalika sababbin takardun. Ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta kai kan na wankan, ta ce, "Yaron nan ya rame. Tsahara ba ta ba shi abinci ne?" Ba ta ce sun yi kyau ba, shi ma bai tambaya ba.

An buga littafin da wata na'urar buro mai zubar da tawada, wasu fuskokin suka ɗan dagule, amma bai hana komai ba. Mushe Mumuni ya ce yanzu matsalarsu ɗaya ce: duk ƙauyen da suka kai shi, sai mata sun gama gardamar ɗan wace ce a shafin kafin a fara karatu.

Sai dai hannun Sallau bai koma yadda yake ba. Hamani ya kawo sabuwar mota aka zana masa zaki, ya zo ɗauka ya tsaya yana kallo. Goshi faɗi, idanu ƙasa, kumatu cike.

"Malam Sallau, zakin nan kamar jiya aka yaye shi."

Sallau ya ce zai gyara, Hamani ya ce lodi na jiransa, sai ya dawo. Kafin ya dawo ƴan tasha sun raɗa wa motar suna Yaye, mata masu zuwa Malbaza kuma suka riƙa cewa ita za su shiga. Bai sake maganar gyara ba.

Daga nan aikin yara ya riƙa zuwa masa, na gidan likita, na lakwal, wato makarantar boko, na masu shagon kaya. Ya daina korar yara daga rumfarsa, sai dai ya mai da gwangwanayen kan wani katako mai tsawo. Haka ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari, idonsa ya fara neman tabarau.

A shekarun nan na baya ne wata tsohuwa mai suna Mariama ta zo daga Alela, da kaza a hammata da littafin nan a ƙulle cikin tsumma, ya yi laushi don buɗewa. Ta buɗe shafin mai gudu ta ɗora yatsa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Ɗana ne, Tanimun. Ya tafi Abijan ya daɗe, sai dai saƙon gaisuwa. Ina so ka yi mini shi babba, a allo, in rataya."

Sallau ya san yaron shafin nan. Ƙafafun na Kyauta ne, kunnuwan na ɗan maƙwabtansu, kan kuma na wani yaro ne da ya gani a Dogarawa. Ya tambaye ta shekarun Tanimun, ta ce yanzu ai yana da gemu da mata. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya dubi yadda yatsanta ke kan takardar, ya rufe. Ya jawo allo ya ce ta zauna a inuwa.

Ta zauna, amma ba ta yi shiru ba. Ta ce kunnuwan sun yi girma, na dangin ubansa ne, ya rage. Ta ce akwai tabo a gwiwar hagu, inda ya faɗo daga kan amalanke. Ta ce ba ya gudu baki rufe, harshe yake fitarwa. Sallau yana gyarawa tana ƙarawa, har yaron allon ya daina kama da na littafin gaba ɗaya. Da la'asar ta matso ta dube shi, ta gyaɗa kai.

"Shi ne. Har rashin jin maganar."

Ta ajiye masa kazar, ta ƙi jiran fenti ya gama bushewa don kada mota ta tafi ta bar ta. Ta naɗa gammo, ta ɗora allon a kai fuskar na kallon sama, ta bi ta cikin tasha tana ce wa mutane su kauce kada su taɓa mata yaro.